Bindiga a Bayan Ƙofa

 

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa a wani ƙauye kudu da Birnin Ƙonni na Nijar, irin ƙauyukan nan da in ka tsaya a ƙarshen gonarka kana hangen gonakin Najeriya. Da aka shafa fatiha aka watse, wani dattijo abokin mahaifina ya riƙo hannuna ya ja ni cikin zaurensa. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko wata tsohuwar bindigar toka, wadda ya gada daga mahaifinsa, maharbi ne a zamaninsa. Ya ɗora mini ita a cinya ya ce, "Ɗana, tunda kai kana magana duniya na ji, ka gaya wa hukuma ta bar mu mu sayi irin tasu. Wannan in na harba sau ɗaya sai na zauna ɗura albarushi. Tasu kuwa harsashi talatin take zubarwa kafin mutum ya kai ƙofar gida." Na ce, "Baba, na ji." Ban iya ƙara komai ba, don wata biyu kafin nan aka kore shanun maƙwabcinsa da tsakar dare, kuma har yau ba a ga ko kofato ba.

Tun ranar maganar take cina. Amsar da na kasa ba shi a zaure ita zan bayar yau a gabanku.

Da farko dai, wanda duk ya ce Baba ba shi da hujja bai san inda muke zaune ba. Mutanen Ƙonni sun san abin da ake nufi da a iske ka ba ka da abin kare kanka. A watan Mayu na 1899 rundunar Turawan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Vule da Shanwan ta shigo wannan birni, bayan ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu. Kakanninmu na da ganuwa da baka da mashi, su kuma suna da bindigogin zamani. An kashe jama'a ba adadi, an ƙona gari. Har gobe tsofaffinmu ba su daina ba da wannan labari ba. Ba sai mun koma nesa haka ba ma. A watan Oktoba na 2020 'yan bindiga suka shiga Masallata, nan bakin Ƙonni, suka ɗauke wani Ba'amurke daga gidansa suka tsallaka da shi Najeriya. Kwana huɗu kacal sojojin ƙasarsa suka je suka ƙwato shi. Da yawanmu mun yi masa murna, amma a zuci kowa ya tambayi kansa: in ni ne, wa zai zo? Sannan ranar 21 ga Maris na 2021, a wannan jiha tamu ta Tawa, a yankin Tiliya, aka bi garuruwan Intazayan da Bakorat da Wistan aka kashe mutum 137 a yini guda. Ga kuma Gidan Runji da Madarunfa a jihar Maraɗi, inda satar mutane don kuɗin fansa ta sa magidanta sayar da gona da shanu, inda kuma dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sauka tun 2019. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba ni da bakin da zan ce masa tsoronsa na banza ne.

Dokar ƙasarmu ba ta hana bindiga kwata-kwata ba. Tun farkon shekarun 1960 tsarin shi ne: wanda ke son riƙe bindigar farauta ko ta kare kai sai ya nemi izini daga ma'aikatar cikin gida, a bincike shi, a rubuta sunansa da lambar bindigar. Makamin yaƙi kuwa, irin su kalashi, haramun ne ga farar hula. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa da aka kafa don tattara haramtattun makamai, kuma manya daga cikinmu suna tune da 25 ga Satumba na 2000, ranar da aka tara bindigogi sama da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta don rufe babin tawaye. Abin da Baba ke nema shi ne a buɗe wannan ƙofa gaba ɗaya, kowane magidanci ya ajiye makamin yaƙi a ɗakinsa.

Ban goyi bayan haka ba. Kuma ba daga littafi na samo dalilina ba, daga maƙwabta na samo shi, waɗanda tsakaninmu da su tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur.

An gwada wannan hanya a gabanmu. A Zamfara, lokacin da satar shanu ta yi ƙamari kuma hukuma ta yi nisa, matasa suka tashi suka kafa ƙungiyoyin 'yan sa-kai. Da niyya mai kyau aka fara, ba na musu. Amma wanda ya riƙe bindiga ba tare da wani ya tambaye shi lissafi ba, sannu a hankali sai ya fara yanke hukunci da kallon fuska. Aka koma tare Bafulatani a kasuwa, a kashe shi a bainar jama'a ba tare da an tabbatar da laifinsa ba. Danginsa suka shiga daji, suka sayar da sauran shanunsu suka sayi manyan makamai. Ɓarawon da ke sata don cikinsa ya sami rundunar masu neman fansa. Ku dubi abin da ya faru a watan Oktoba na 2021 a kasuwar Mamande, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa, a kan hanyar da muke bi kullum daga Illelar Najeriya zuwa Sakkwato. 'Yan sa-kai suka kashe mutum 11, har da limami. Ba a yi mako biyu ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su ne suka yi kisan Mamande ba. Masu sayen gero ne da masu tallar fura.

Duk da haka, a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ƙara gaba, ya ce a raba takardun neman lasisin bindiga 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Na fahimci ɓacin ran da ya kai gwamnonin nan ga faɗin haka. Sai dai ku tambayi mutanen Sabon Birni da Isa da Shinkafi ko daga ranar sun koma barci. Daga baya jihohin da kansu suka sauya salo, Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024, suka kafa rundunonin tsaron al'umma masu kaki da albashi da rajista. Wato bayan shekaru na jini sun dawo kan cewa bindiga sai da mai tambayarta.

Labarin da ya fi tsorata ni shi ne na Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato, nan yamma da mu kaɗan. Wajen 2017 zuwa 2018, da ɓarayin daji suka matsa musu, wasu shugabannin al'umma suka gayyato baƙi masu makamai daga tsallaken iyaka don su kore musu ɓarayin. Sun kore su kuwa, aka yi ta sa musu albarka. Ba a jima ba masu gadin suka fara karɓar abin da suka kira zakka a kan shanu, suna yi wa samari bulala, suna hana kiɗa, suna yanke shari'a a ƙarƙashin itace. Su ne Lakurawan da kuke ji. A watan Nuwamba na 2024 suka kore shanun mutanen Mera a jihar Kabi, mazajen garin suka bi sawu, aka kashe musu mutum 15. A Janairun 2025 kotu a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. An gudu ba a tsira ba.

Wani zai ce ai wannan baƙi ne, mu namu 'ya'yan za mu ba makamin. To mu ma muna da namu darasin a cikin gida. A farkon Nuwamba na 2021 magajin garin Banibangu, a jihar Tilaberi, ya jagoranci 'yan kwamitin sa-ido na yankinsa suka fita neman waɗanda ke kashe musu mutane. Aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta dama, har da shi magajin garin. Jarumai ne, Allah ya jiƙansu. Amma manomin da ya rataya bindiga bai zama soja ba, kuma garin da aka san ya tara makami shi maharan ke fara nufa, don su ma makamin suke so.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa da ƙarfi ba. A ƙasarmu ta Ƙonni da Malbaza da Illela, rigimar da ta fi kusa da ƙofar kowa ita ce ta kaka, lokacin da dabbobi ke gangarowa daga arewa, gero da wake ba su gama barin gona ba, an cinye burtali da noma, an kewaye mashaya da lambun albasa. Kowace shekara sai an yi cacar baki, wani lokaci a fasa kai da sanda, mai gari da arɗo su zauna a ƙiyasta ɓarna a biya. Amma mun ga ranakun da abin ya fi ƙarfin sanda. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, an hallaka sama da mutum 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. A Bangi ta Madawa, a Nuwamban 2016, an rasa kusan mutum 20 a kan ɓarnar gona. Wannan fa ba tare da kalashi a kowane gida ba. Yanzu ku ƙaddara kowane manomi na da ita a rumbu, kowane makiyayi na da ita a ruga, sai saniya ta faɗa gonar wake da magariba. Sanda tana barin wurin sulhu, don wanda aka buga yakan tashi ya kai ƙara. Harsashi ba ya barin wannan wuri.

Masu kafa hujja da Amurka su ma su duba da kyau. Gaskiya ne tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami tun 1791, kuma bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kusan mutum 49,000 bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Ƙasa ce mai 'yan sanda da kotuna da asibitoci a kowane lungu. Mu da mai rauni ke shan doguwar tafiya a amalanke ko bayan babur kafin ya isa asibitin Galmi, me za mu ce?

Ba ina cewa a ƙwace bindigar maharbi ba ne. Farauta sana'a ce ta gado, kuma maharbanmu sun san daji fiye da kowa. Abin da nake so shi ne a sauƙaƙa rajista, a kawo ta kusa, a yi ta a ofishin perefe tare da sarkin baka da mai gari, don mai bindigar toka ya daina ɓoye ta kamar kayan sata. Kuma ajiye bindiga a gida daban, yawo da ita daban. Ko mai takarda ne, ba shi da dalilin shiga kasuwar Gidan Idar ko ta Badagishiri da ita a kafaɗa, ko filin kokawa, ko gidan biki, wuraren da rai ke saurin ɓaci. A watan Maris na 2025 maharba 16 'yan jihar Kano suna komawa gida hutun salla, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka ƙona su da ransu. Abu biyu suka haɗu a wannan rana: makami a kan hanya, da taron jama'a da ya mai da kansa alƙali.

Wannan ya kawo ni ga hukunci, inda na san da yawanku jininku ke tafasa. Ina jin abin da ake faɗa a tasha da majalisun shayi: in an kama ɓarawon mutane a harbe shi nan take, kai shi gidan kaso ɓata lokaci ne, gobe za ka gan shi a kasuwa. Rabin maganar nan gaskiya ce, kuma rabin nan ne ciwon. Ni kaina na taɓa raka wani ɗan'uwana bin sawun shanunsa biyu da aka sace. Aka kama wanda ake zargi, muka yi ta zirga-zirga, kuɗin mota kaɗai ya kusa cin kuɗin maraƙi. Wata rana muka wayi gari mutumin na zaune a gindin bedi yana shan shayi, ba wanda ya kira mu ya ce ga dalilin sakinsa. Ɗan'uwana ya dube ni ya ce, "Yaya, in aka sake, ba zan kai ƙara ba." Wannan jimla ita ce mafarin kowane ɗan sa-kai.

Amma ku lura, abin da ya karya masa zuciya ba ƙarancin tsananin doka ba ne. Dokarmu na da tsanani. Satar dabbobi na da nata babi a kundin hukunta laifuka, fashi da makami da kisan kai suna iya kai mutum ga hukuncin kisa. Hukuncin kisan yana nan daram a rubuce, majalisar tuntuɓa ta lokacin riƙon ƙwarya ta ƙi soke shi a Disamban 2010, ko da yake rabon da a zartar da shi a Nijar tun 1976. A Najeriya mutum sama da 3,000 ke zaune a kurkuku suna jiran igiya, kuma a Yunin 2022 Zamfara ta yi dokar kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ba mu ga daji ya yi shiru ba. Mai ɗaukar kalashi ya shiga gari ya riga ya san yana iya mutuwa a daren. Abin da yake lissafi shi ne: za a kama ni? In an kama ni, akwai wanda zai fitar da ni? Muddin amsar farko "da wuya" ce, ta biyu kuma "akwai", ko an rubuta kisa sau goma a takarda ba zai fasa ba.

Malamanmu na zaure, masu karantar da Risala da Muhtasar, sun fi ni sanin cewa musulunci ya tsananta hukuncin ɗan fashi matuƙa. Sun kuma san cewa shari'ar da ta tsananta ita ce ta ɗora zartarwa a wuyan shugaba da alƙali, ta nemi shaida tabbatacciya, ta ce in shakka ta shigo a janye haddi. Babu babin da ya ba taron kasuwa izinin rataya wa mutum taya. Kuma ko an tsaya a gaban alƙali, adalci sai ya hau kan kowa. A shekarar 2000 an yanke hannun wani talaka a Zamfara kan satar saniya. Shekaru bayan haka ake kore garke ɗungurungum a jihar, ana loda shi a manyan motoci, yana wuce shingaye har kasuwannin nesa. Laifin ba na shari'a ba ne, na waɗanda suka ga ƙaramin ɓarawo suka kau da kai daga babba ne.

Ni ra'ayina, wanda ya saci mutum ya karɓi fansa, ko ya kashe, ya cancanci mafi tsananin abin da doka ta tanada, kuma kada a yi masa afuwar ranar biki. Amma a fara da wanda ba ya shiga daji: mai kai rahoto, wanda jama'a ke kira infoma, da ke zaune tare da mu a masallaci yana ƙirga wa ya sayar da albasa, wa ɗansa ya aiko kuɗi daga Libiya ko Abijan. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dillalin da ke sayen saniyar jaka ɗari uku a jaka ɗari bai tambayi inda ta fito ba. Sai mai safarar makami da harsashi, wanda tun rugujewar Libiya a 2011 ya mai da ƙasarmu hanya, yana ɓoye kaya a ƙarƙashin buhuna yana gangarawa kudu. Sai jami'in da ya karɓi na goro ya ɗaga shinge. Waɗannan suna da gida da suna da lambar waya, kama su ba ya bukatar jirgin yaƙi.

Muna da babbar kotu a nan Ƙonni. Ina roƙon masu shari'a, in an saki wanda ake zargi, a kira mai ƙara a gaya masa dalili da Hausar da zai gane. A kare mai ba da shaida, don yau mutum na tsoron faɗin abin da ya gani saboda kafin ya iso gida labari ya riga shi. A hanzarta shari'ar waɗanda ke tsare, don yaron da ya saci akuya in ya shekara biyu yana jiran alƙali a ɗaki ɗaya da 'yan fashi, ya fito da sana'ar da bai shiga da ita ba. Irin wannan yaro, a ganina, ya biya abin da ya ɗauka a gaban mai gari, ya yi aikin gayya, ya fi amfani ga wanda aka yi wa satar.

Ranku ya daɗe sarakunanmu, ku ma akwai naku. Kwamitin sa-ido na gari abu ne mai kyau in an san sunan kowa a cikinsa, in akwai Bahaushe da Bafulatani da Buzu a ciki, in aikinsa ido ne da kunne da waya, kuma in wanda ya kama yana miƙa shi ga jandarma da ransa da lafiyarsa. A sanar da ranar sakin gonaki da wuri, a kuma tsaya a kanta. Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa su fito su sake shata burtali tun kafin shuka. Hukuma kuma ta sani, duk wannan magana tawa ba ta da nauyi a kunnen Baba in ya buga waya da ƙarfe biyun dare ba a ɗauka ba, ko aka ce masa babu mai a mota. Wanda ya hana mutum makami ya ɗauki alkawarin zuwa in an kira shi. Kuma duk saɓanin da ke tsakanin Yamai da Abuja tun 2023, jami'an Ƙonni da na Illelar Najeriya dole su riƙa magana da juna, tunda ɓarawon da ya kori shanu a nan kafin asuba ya tsallaka.

Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma ƙauyen nan. Na yi wa Baba alkawarin zan raka shi a rubuta bindigar mahaifinsa da sunansa. Na kuma roƙe shi ya aika a kira arɗon rugar da ke gabas da su, wanda shi ma an kore masa shanu bara, mu zauna a zauren nan mu uku kafin a fara girbi. Ya ce zai aika.